Kafin ka biya kuɗin amfilifaya, juya bayanta ka karanta

Duk mai shirin sayen amfilifayar falo, irin wadda ake haɗa wa sifiku biyar ko bakwai da wufa don kallon fim, ya kamata ya fara leƙa shagon mai gyaran rediyo kafin ya shiga kasuwa. A can zai gan su jibge, wata kan wata, ƙura ta lulluɓe su. Manyan sunaye ne, Yamaha da Denon da Onkyo da Pioneer da Sony, kuma ba kamfanonin ne suka yi aikin banza ba. Da yawa daga cikinsu sun yi shekaru suna aiki lafiya a ƙasar da aka yi su dominta, suka ƙetaro teku lafiya, suka zo suka mutu a hannunmu tun ranar farko.

Wani maƙwabcina ya sayo ɗaya cikin kayan ɗakin 'yarsa. Ta hannu ce, baƙa, mai nauyi, fuskarta cike da maɓallai. Mai kaya ya ce masa, "Alhaji, wannan daga Amurka take, ba irin ta kwali ba ce." Kuma gaskiya ya faɗa. Da aka zo jere sai aka ga filoginta mai siraran baki biyu ne, ba ya shiga soket ɗinmu mai ido uku. Aka aiki yaro ya sayo adafta. Ana sokawa aka ji ƙara tas, hayaƙi ya biyo baya da ƙauri. Maimakon a tsaya nan, wani mai ganin ya san kan wuta ya buɗe ta, ya ga fis ya tsinke, ya naɗa masa zaren waya, aka sake sokawa. Ta farko fis ne ya ɗauki dukan, domin aikinsa ke nan. Ta biyu ita ce ta cinye taransfomar ciki.

Alhali abin da zai hana wannan asara yana nan a rubuce a bayanta, kusa da inda wayar wuta ta fito: AC 120V 60Hz. Wutar gidajen Najeriya bolt 230 ce, ta Nijar 220, duka a kan 50Hz. Amurka da Kanada 120 suke amfani da ita, Japan kuma 100. Ka ga an ɗura wa na'urar kusan ninki biyu na abin da aka yi ta ta ɗauka. Adafta ba ta rage ko bolt ɗaya, siffar baki kawai take sauyawa.

Na san abin da ke ruɗar mutane. Cajar waya da ta kwamfutar hannu da yawancin talabijin na zamani an rubuta musu 100-240V, duk inda ka soka su sai su daidaita kansu. Daga nan aka ɗauka duk kayan wuta haka suke. To, amfilifaya ba ta cikin wannan sahu. Nauyin nan da kake ji idan ka ɗaga ta, galibinsa na taransfoma ne da aka naɗe don wuta iri ɗaya tak. Akwai waɗanda aka yi don kasuwannin Asiya da Gabas ta Tsakiya masu ɗan maɓallin zaɓi a baya, 110-120 ko 220-240, su ma sai ka duba inda ya tsaya kafin ka soka. Waɗanda suka fito daga Ingila da Jamus da sauran Turai babu wannan matsala.

Idan ka riga ka saya, ko ta yi maka kyau ba ka son bari, sai ka haɗa da taransfomar rage wuta. Ita ma ba a sayenta da ka. Duba wat nawa aka rubuta na'urar tana ja, ka sayi mai ɗaukar kusan ninkin haka: mai jan 500 a nema mata ta 1000. Wasu sitabilaiza suna da soket na 110, amma ba kowanne ne ke iya ɗaukar cikakken ƙarfin da aka rubuta a jikin sitabilaizar ba, sai ka tambaya. Sannan a ɗaure filogin a jikin taransfomar da salatif, a rubuta gargaɗi ɓaro-ɓaro. Ranar da za ta ƙone ba kai ne za ka soka ta ba. Mai shara ce, ko yaro, ko baƙon da ya zare don ya yi caji ya mayar da ita bango. A sani kuma, taransfomar cikin amfilifayar da aka yi don 60Hz takan ɗan fi zafi a kan 50Hz ɗinmu, don haka tana bukatar iska fiye da sauran.

Wannan ƙaramin rubutu na baya yana da wani amfani na biyu, shi ne tona asirin kwali. Shiga kowace kasuwar kayan wuta za ka ga kwalaye da lambobi manya kamar na motar haya: 3000W, 5000W, har 10000W, da haruffa huɗu ƙanana a gefe, PMPO. Wannan awo babu wata ƙa'ida da aka yarda da ita a kansa, kowane kamfani yana lissafa shi yadda ya ga dama. Juya na'urar. Idan an rubuta tana jan wat 80 daga bango, ta ina za ta ba ka 5000? Ba a zuba guga ɗaya a randa a kwashe goma. Wannan cuta ta tsufa, domin tun 1974 hukumar kula da ciniki ta tarayyar Amurka ta kafa doka a kan yadda za a riƙa tallata ƙarfin amfilifaya, saboda irin wannan zuƙi-ta-malle. Mu har yau muna tsayawa gaban mai kaya muna cewa a ba mu wadda ta fi yawan lamba.

Su ma manyan kamfanoni suna da nasu wayon, sai dai na masu ilimi ne. Na'ura ɗaya za a iya rubuta mata wat 80, a wani wurin kuma 140, kuma duka ba ƙarya ba ne. Na farko an auna shi da sifiku biyu suna aiki tare, masu om 8, a kan dukkan sautin da kunne ke ji daga 20Hz zuwa 20kHz, da gurɓatar da ba ta kai kashi ɗaya cikin dubu ba. Na biyu sifika ɗaya aka kunna, mai om 6, a kan sauti guda, aka kuma bar gurɓata ta kai kashi goma cikin ɗari. In za ka gwada biyu, gwada su a kan awo na farko. Kuma kada bambancin 80 da 100 ya sa ka ƙara ko sisi. Ninka wat sau biyu desibel 3 kawai yake ƙarawa, abin da kunne zai ji a matsayin ɗan ƙari. Kafin ka ji ƙara ta ninka sai wat ya ninka kusan sau goma. A falo irin namu, wat 50 zuwa 80 na gaskiya a kowace sifika ya isa ya sa maƙwabta su aiko a roƙe ka.

A nan bayan dai, kusa da inda ake ɗaura wayoyin sifika, za ka ga an rubuta om nawa take ɗauka, yawanci 6 zuwa 16. Amma sai ka ga mutum ya cusa wayoyin sifiku biyu a rami ɗaya don ƙara ta yi yawa. Biyu masu om 8 idan aka haɗa su haka sun koma 4, na'urar ta shiga jan wuta fiye da kima, ta yi zafi, ta kashe kanta. Maimakon a gane kuka take yi, sai a sake kunnawa. Wasu ma har aro suke bayarwa a je a ja manyan sifikun biki da ita. Ba don wannan aka yi ta ba.

Sauran abubuwan da ake gwadawa ba su kai waɗannan haɗari ba, kuɗi kawai suke ci. Lambar 5.1 tana nufin sifiku biyar da wufa ɗaya: hagu da dama, ta tsakiya mai ɗauke da maganar 'yan wasa, biyu a gefen mai kallo ko ɗan bayansa. Tsarin Dolby Digital ya shiga silima a 1992, DTS ya biyo a 1993 da fim ɗin Jurassic Park. Dolby Atmos ya fito a 2012, ya iso gidaje a 2014, shi ne mai ƙara sifiku a sama, shi ya sa za ka ga 5.1.2. Tambayi kanka: za ka huda silin ka ja waya? Ni dai gidajen da nake shiga, sifikun biyar ɗin a jere suke reras a gaban talabijin kamar kwanukan samira, har da na bayan. Wanda zai yi haka, da ya sayi sifiku biyu masu kyau ya huta. Balle ma yawancin abin da muke kallo, finafinan Kannywood da labarai da wa'azi da YouTube, sautin hagu da dama ne kawai. Idan ba a ɗauki sauti a tashoshi shida ba, na'ura kwaikwayo kawai za ta yi maka.

Ta fuskar hoto, ƙirga ramukan HDMI ka karanta abin da ke gefensu. Tsofaffin da suka riga HDMI yaɗuwa ba su da ko ɗaya. Na wajajen 2010 suna wuce da 1080p amma ba 4K ba. Mai talabijin 4K ya nemi inda aka rubuta HDCP 2.2, in ba haka ba yana iya samun baƙin allo. HDMI 2.1 da aka fitar a 2017, mai 8K da 4K a hoto 120 cikin daƙiƙa, amfaninsa na masu PlayStation 5 ko Xbox Series X ne, wanda dikoda kawai gare shi ya bar musu. Kuma tsohuwa ba ta zama shara don ba ta san 4K ba. A haɗa dikoda da sauran kaya a jikin talabijin kai tsaye, a dawo da sauti ta ramin ARC ko ta wayar haske. Wayar hasken tana ɗaukar Dolby Digital 5.1, abin da ba ta iya ɗauka shi ne irin su TrueHD, wanda sai da eARC.

Bluetooth yana da daɗi ga mai sauraro daga waya, amma sautin hagu da dama kawai yake kawowa, kuma rashinsa ba dalilin ƙin na'ura ba ne tunda akwai ɗan abin da ake sokawa a baya ya maye gurbinsa. Wi-Fi da irin su HEOS na Denon ko MusicCast na Yamaha sai gidan da intanet ke zaune. Abin da ya fi su muhimmanci, kuma shi ne ke ɓata a kayan hannu, rimot ne da ɗan makirfon awo. Da makirfon nan na'ura ke sauraron ɗakinka ta daidaita kowace sifika, Yamaha na kiran nasu YPAO, Denon da Marantz suna amfani da Audyssey, Pioneer kuma MCACC. Saituna da yawa ba a kai musu sai da rimot. In babu su, a rage maka kuɗi.

Kada ka biya sai an kunna a gabanka. A gwada kowane ramin HDMI ɗaya bayan ɗaya, domin allon HDMI na cikin abubuwan da suka fi saurin lalacewa kuma gyaransa tsada gare shi. A ɗaura sifika a kowace tasha a ji ta yi magana. A bar ta ta yi aiki har ta ɗumama, wasu sai sun yi zafi suke nuna hali. Idan mai kaya ya ce babu wuta, ka ce ya tada janareta, kai kuma ka lura ko ta cikin taransfoma yake soka ta.

In ta iso gida, a bar mata sarari a sama da gefe. Kada a rufe ta cikin kabet mai gilashi, kada a ɗora mata dikoda, kada a shimfiɗa mata leshi don ado, musamman a bazara da zafin Kano da Sakkwato da Maraɗi ke haura digiri 40. A kashe ta kafin a sauya daga wutar gari zuwa janareta. Da damina kuma, hadari na haɗowa a zare filogi, a zare wayar da ta fito daga dish, domin tsawa tana biyo ta ta shiga dikoda, daga dikoda ta bi HDMI ta iske amfilifaya ko da a kashe take.