Yadda A Ke Ɗaga Mota A Gida Ba Tare Da Haɗari Ba

Duk wanda ya bi hanyar Zariya daga Gyaɗi-Gyaɗi ya nufi Unguwa Uku, ko ya ratsa lungunan Tarauni da Darmanawa ran Asabar da hantsi, da wuya ya rasa ganin mota a ƙofar gida an cire mata taya, ga ƙafafun mutum sun leƙo daga ƙarƙashinta. Wani direban gida ne ya ke juye baƙin mai, wani yaron makaniki ne aka kira ya duba birki, wani kuwa mai motar ne da kansa yana gudun kuɗin gareji. Babu laifi a cikin wannan. Abin da ya kamata hakimai da malamansu su lura da shi, shi ne abin da ke riƙe da motar sa'ad da mutumin nan ya ke kwance. Galibi in aka duba, sai a tarar jak ne shi kaɗai, ko kuwa jak da bulo biyu.

Ƙaramar mota irin ta shiga ta kan wuce tan 1, ƙaramar bas ta haya ta kan kai tan 2, manyan motocin rangadi irin su Land Cruiser kuwa sun fi haka. In nauyi irin wannan ya sauka a ƙirjin mutum, ko da bai karya masa ƙashi ba, ya kan hana shi numfashi. Wanda ba ya iya numfashi kuwa ba ya iya kururuwa, har ma a kan yi ta hira a zaure ba a san abin da ke faruwa a waje ba, alhali 'yan mintoci kaɗan sun isa.

Domin a gane dalilin da ya sa ba a dogara ga jak, sai a san yadda ya ke aiki. Iri biyu aka fi gani a Kano. Na farko shi ne ƙaramin nan da ke zuwa tare da mota, wanda a ke murɗawa ya buɗe kamar almakashi. Gindinsa bai fi tafin hannu ba, kuma an yi shi ne domin canjin taya a gefen hanya kurum. Na biyu shi ne jak mai amfani da mai, ko dai mai siffar kwalba ko kuwa dogon nan mai tayoyi na gareji. Wani Ba'amurke mai suna Richard Dudgeon ya fito da irinsa a birnin New York a shekarar 1851, kuma har yanzu asalin aikinsa bai sake ba. In an danna mariƙinsa, ɗan ƙaramin famfo ya kan tura mai zuwa cikin babban bututu, man kuwa ya tura sandar ƙarfe sama. Abin da ke hana man komowa shi ne wani ɗan dunƙulen ƙarfe wanda bai fi ƙwayar wake ba, da zoben roba. Watau dukan nauyin motar a kan waɗannan biyu ya ke. In robar ta tsufa, ko ƙurar hunturu ta shiga man ta tokare dunƙulen nan, ko wani ya taɓa makunnin saukewa da ƙafa, sai motar ta sauko, wani lokaci a hankali, wani lokaci farat ɗaya.

Ko jak lafiyayye ma yana iya kifewa. Mota ba ta tashi tsaye cak in an ɗaga ta ta gefe guda. Karkata ta ke yi, tana jan kan jak ɗin zuwa gefe. In kuma makaniki ya sa ƙarfi domin ya kwance notin da ya yi tsatsa, sai motar ta girgiza, jak ɗin ya zame. Saboda haka aikin jak ɗagawa ne da saukewa. Riƙewa kuwa aikin madogari ne, watau turken ƙarfen nan mai ƙafa uku ko huɗu, wanda a ke daidaita tsawonsa da fegi ko da haƙora. Babu mai a cikinsa, babu roba.

Kafin a taɓa jak, sai a fara duba ƙasa. Daɓen siminti mai kauri, shimfiɗaɗɗe, shi ne ya fi. Amma lunguna da yawa na gundumar Tarauni ƙasa ce zalla, da damina kuwa, musamman cikin watan Agusta, samanta ya kan bushe alhali ƙarƙashinta da laushi, sai ƙafar madogari ta riƙa nutsewa ba a sani ba. Kwalta ma ta kan yi laushi da zafin bazara. A irin waɗannan wurare sai a shimfiɗa faffaɗan katako mai kauri ƙarƙashin jak da kowane madogari. Kada a ɗaga mota a gangaren ƙofar gida, ko a bakin kwata. Akwai kuma wani abu da a kan manta: gidaje da yawa an haƙa ramin masai ko na ruwan wanka a farfajiya ko a ƙofar gida, aka rufe shi da siminti. Murfin nan ya kan jure wa mota ta taka shi da tayoyi huɗu, amma in aka tara nauyin a kan gindin jak, yana iya burmawa. Baƙon makaniki bai san inda ramin ya ke ba, sai maigida ya nuna masa.

Daga nan sai a hana motar motsi. A kashe inji, a zare makulli, a ja birkin hannu, a sa ta a giya ta ɗaya, ko a harafin P in mai canza giya da kanta ce. Amma fa wannan bai wadatar ba. Birkin hannu a yawancin motoci tayoyin baya kaɗai ya ke kamawa, in kuwa an ɗaga bayan, ya zama babu abin da ya kama. Giya ita ma ba ta riƙe mota sosai in taya ɗaya daga cikin masu jan motar ta bar ƙasa. Don haka tilas a sa weji gaba da bayan tayoyin da suka rage a ƙasa, kamar yadda yaran manyan motoci su ke yi a tashar Unguwa Uku tun da daɗewa. A fitar da kowa daga cikin motar. In za a cire taya, a sassauta notocinta tun tana ƙasa, kada a bari sai ta tashi a riƙa fama da sifana.

Wurin da za a kafa jak kuwa ba a zaɓensa da ka. Masu ƙera mota sun ƙarfafa wurare na musamman, galibi a bayan tayar gaba da gaban tayar baya, inda a kan ga ɗan tsagi a gefen ƙarfen, kuma an zana su a littafin motar. Manyan motoci masu shasi a kan tokare shasin ne ko aksul. Kaskon baƙin mai, da tankin fetur, da salansa, da bamba, duk ba su ɗaukar nauyi. Motocin da aka shigo da su daga ƙasashen sanyi, inda a ke zuba gishiri a kan hanya domin narkar da ƙanƙara, sau da yawa tsatsa ta riga ta ci ƙarƙashinsu, sai a ƙwanƙwasa wurin a ji kafin a dogara da shi. In motar ta tashi, a tura madogarai biyu, dama da hagu, tsawonsu ɗaya, sa'an nan a sauke ta a kansu sannu sannu har su ɗauki nauyin duka. A bar jak ɗin yana ɗan taɓa motar, a tura tayar da aka cire a kwance ƙarƙashin gefenta. Bayan wannan sai mutum ya tsaya a waje ya girgiza motar da hannu biyu. In ta yi motsi ko kaɗan, a sake shiri.

Maganar bulo ita ce mafi wuya, domin ya zama al'ada, kuma ga shi a kowane kango. Bulon siminti mai inci 6 ko inci 9 yana ɗaukar bene, gaskiya ne, amma a jikin gini nauyi a baje ya ke a kansa. In ƙarfen mota ya danne shi a wuri guda, ba ya lanƙwasa ya ba da sanarwa. Fashewa ya ke yi nan take. Balle kuma bulon da aka yi wa rowar siminti. Tulin duwatsu da jan bulo duk haka su ke. In babu madogari, gungumen itace mai ƙwari, faffaɗa, guda ɗaya marar tsagewa, ya fi bulo nesa ba kusa ba, ko da ya ke shi ma bai kai madogari ba.

Madogarin kansa yana bukatar bincike. Wanda zai saya a kasuwar Ƙofar Ruwa ko wani wuri ya duba nauyin da aka rubuta a jikinsa, ya kuma sani masu ƙerawa da yawa nauyin da guda biyu za su ɗauka tare su ke rubutawa. Ya duba walda, da fegi, da haƙora. Ba a maye gurbin fegin da ya ɓace da ƙusa ko guntun rodi. Zuwan kaya daga waje kuma ba shaida ba ce ta ƙwarinsa: a shekarar 2020 kamfanin Harbor Freight na Amurka ya janye madogarai fiye da miliyan ɗaya da rabi daga kasuwa, saboda an gano haƙoransu suna iya zamewa ƙarƙashin nauyi.

In tsautsayi ya auku, kada a ja mutum da ƙafa alhali mota tana danne da shi. A ɗaga ta da wani jak, ko jama'a su taru su ɗaga, wani ya tura gungume, sa'an nan a zaro shi a hankali ba tare da an lanƙwasa wuyansa ko bayansa ba. A kira lambar gaggawa ta 112, ko ta Hukumar Kiyaye Haɗurra, watau 122. Asibitin Koyarwa na Aminu Kano yana nan a hanyar Zariya cikin ƙaramar hukumar Tarauni. Lalle a kai shi ko da ya miƙe ya ce lafiyarsa ƙalau, domin jini ya kan zuba a ciki ba a gani, naman da ya daɗe a danne kuma ya kan jawo wa ƙoda lahani daga baya.

Abin da a ke roƙon hakimai shi ne su isar da wannan bayani ga dagatai da masu unguwanni, su kuma su tara shugabannin makanikai da masu faci da direbobi su karanta musu shi, musamman masu yara a hannunsu, domin ƙaramin yaro shi a kan tura ƙarƙashin mota saboda ya fi shiga. A nanata musu kada kowa ya shiga ƙarƙashin mota shi kaɗai ba mai tsaye a kansa, kuma kada a bar mota a kan jak a tafi salla ko cin abinci a lungun da yara ke wasa. Malaman hakimai kuwa, in rahoton irin wannan haɗari ya zo musu, su rubuta unguwar da abin ya faru, da irin ƙasar wurin, da abin da aka tokare motar da shi, domin a san inda za a fara kai jan kunne.