Kasuwa Da Zaure: Inda Ma'aikatan Kano Ke Hira

Duk wanda ya bi ta Sharaɗa ko Bompai da azahar, lokacin da aka tashi ma'aikata cin abinci, zai ga abin da ba a saba gani ba shekara ashirin da suka wuce. Ga samari jere a bencin mai shayi, kafaɗa da kafaɗa, amma kowa ya sunkuyar da kai yana duban wayarsa. Hira suke yi, sai dai da mutanen da ba sa wurin. To, tun da yake yawancin samarin nan ta hannunmu malamai suka biyo, ya kamata mu san irin majalisun da suke zama a cikin wayoyin, mu kuma auna wacce ke ƙara musu hankali.

Majalisun nan iri biyu ne. Akwai manya, watau irin su Facebook da TikTok da X, wanda a da ake kira Twitter. Kowannensu kamfani guda ke da shi, kuma da talla yake samun kuɗinsa. Saboda haka na'urarsa ita ke zaɓen abin da za ta ajiye a gabanka, ta kuwa fi son maganar da ta tara 'yan kallo. Akwai kuma ƙanana waɗanda ba su da mai gida guda, kamar Mastodon, wanda wani saurayi a Jamus mai suna Eugen Rochko ya ƙirƙiro a 2016. Tsarinsa ya yi kama da na gidan waya. Kowace ƙungiya tana iya buɗe reshenta a kan kwamfutarta, ta kafa dokokinta, amma mutumin wannan reshe yana iya aika magana ga na wancan. Babu talla, maganganu kuma suna zuwa bi da bi yadda aka rubuta su.

In dai wajen yawan jama'a ne, babu gardama. A 2023 masu shiga Facebook kowane wata sun haura miliyan 3,000. Mastodon kuwa, ko a ƙarshen 2022, lokacin da mutane suka yi ta ƙaura can bayan Elon Musk ya sayi Twitter, bai wuce wajen miliyan 2 da rabi ba, daga baya ma ya ragu. Rubutun Hausa kuma kaɗan ne ƙwarai a cikinsa. Majemin Challawa da ke neman sabon aiki, ko direban da ke cigiyar takardunsa, babbar kasuwa zai nufa, domin can ne za a ji shi kafin la'asar.

Amma fa yawan baki dabam, amfanin magana dabam. A watan Afrilu na 2024 hukumar NERC ta ɗaga kuɗin lantarki na rukunin A zuwa naira 225 kowane yunit, rukunin da aka yi wa alkawarin wuta ta awa 20 a rana. Wannan magana ta shafi tukunyar kowane ma'aikaci, gama in kuɗin wuta ya fi ƙarfin mai masana'anta, ma'aikata ake fara ragewa. Na bi abin da aka yi ta rubutawa a manyan dandalin nan a makon. Kafin a yi layi goma an bar zancen wuta an koma zagin jam'iyyu, wanda ya fi iya baƙar magana shi ya fi samun tafi. Taron tsintsiya ke nan, ba shara.

A cikin makon nan ne wani tsohon ɗalibina, mai gyaran lantarki a wata masana'antar robobi ta Sharaɗa, ya nuna mini ɗan zaurensu na WhatsApp, wanda mutanensa ba su kai hamsin ba. Wani ya rubuta awoyin da layinsu ya samu wuta, wani na Bompai ya kawo nasa, na uku ya gwada musu kuɗin da abin da janareta ke sha na man gas. Da wani ya kawo lissafin da ba daidai ba aka gyara masa, ya yi godiya. Dalili kuwa a fili yake. Sun san juna, gobe za su haɗu a bakin ƙofa ko a masallaci, akwai kunya tsakaninsu, ga kuma mai zaure da ke iya fitar da mai rashin ladabi. Irin wannan natsuwa ce rassan Mastodon ke nema da ƙanƙantarsu.

Sai dai kada mu ruɗu. Zauren WhatsApp ɗakin haya ne, domin tun 2014 kamfanin Facebook ya saye shi. Ran 4 ga Oktoba 2021 na'urorin kamfanin suka tsaya wajen awa shida, kasuwa da zaure duka suka rufe lokaci guda. Haka kuma da Gwamnatin Tarayya ta dakatar da Twitter daga Yuni 2021 zuwa Janairu 2022, ita da waɗansu 'yan Nijeriya suka koma wani dandalin Indiya mai suna Koo. A Yuli 2024 Koo ya rufe, masu zama a cikinsa suka watse. Wanda ba shi da mabuɗin ɗaki ba shi da tabbacin kwana.

Ƙaramin zaure ma yana da nasa aibi. Jita-jita in ta shiga, babu baƙon da zai ƙaryata ta, kuma in mai kula da shi ya gaji, shi ke nan ya mutu. Har wa yau akwai maganar da ta fi ƙarfinsa. Kukan da mutanen ƙauyukan bakin Kogin Challawa suka daɗe suna yi game da ruwan majemu da ke kwarara cikin kogin ba zai kai kunnen hukuma daga ɗakin mutum hamsin ba, sai an fito da shi kasuwa.

Shawarata ga 'yan'uwa malamai da akawuna ita ce mu koya wa yaranmu bambancin wuraren nan biyu tun suna aji: a tsara magana a zaure, a tabbatar da ita, sa'an nan a kai ta kasuwa. Kwalejojin horon malamai da ƙungiyoyin ma'aikata kuma su duba yiwuwar buɗe reshe nasu na kansu da harshen Hausa, wanda mabuɗinsa ke hannunsu. Allah ya sa mu dace, amin.