Fataken Azagor a Kano: rigimar gari ta masu gari ce

Daga Azagor, fataken bisashe kan bi ta Dakoro, Maradi da Dan Isa su gangara Najeriya. Ranar 1 ga Agusta 2024, zanga-zangar tsadar rayuwa ta ɓarke a Kano. Aka fasa kantuna, gwamna Abba Kabir Yusuf ya kafa dokar hana fita ta awa 24. Ba a jima ba, jami'an tsaro suka kama ƴan ƙasar Polan 7 bisa zargin ɗaga tutar Rasha. Sai ƙarshen wata aka sake su.

Ke nan baƙunci ba ya kare kowa. Falke mai hankali ya saurari rediyo, ya riƙe katin shaidarsa, ya zauna gidan fatomansa, ba hoto, ba tuta. Asarar cinikin yini ta fi kwanan kaso sauƙi.