SATI UKU A ƊAKI ƊAYA: ABIN DA DOKAR KULLE TA TONA A GIDAJEN ZANGO

Hausawa sun ce zo mu zauna, zo mu saɓa. A wannan wata za mu waiwayi wani zama da aka yi mana na dole a shekarar 2020, lokacin da cutar korona ta shigo ƙasarmu Gana, domin mu duba yadda ya taɓa zaman aure da tarbiyyar yara a unguwanninmu na Zango. Cutar dai ta lafa, amma abin da ta tona a cikin gidajenmu yana nan, kuma bai kamata mu bar shi ya wuce ba tare da mun ɗauki darasi ba.

Idan ba a manta ba, ranar 12 ga Maris 2020 aka ba da sanarwar samun mutane na farko masu ɗauke da cutar a ƙasar nan. Ranar 16 ga watan aka rufe makarantu, aka kuma hana taruwa a masallatai da majami'u, kuma Babban Limamin ƙasa, Shehu Usman Nuhu Sharubutu, ya yi kira ga Musulmi da su bi umarnin hukuma. Daga nan sai Shugaba Nana Akufo-Addo ya kafa dokar kulle a Akra da Tema da Kasoa da Kumasi da kewayensu, wadda ta fara aiki ranar Litinin 30 ga Maris, aka ɗage ta ranar 20 ga Afrilu. Sati uku ke nan cif. An yarda mutum ya fita neman abinci ko ruwa ko magani, ko zuwa banki, ko kewayawa a makewayin jama'a. In ba wannan ba, kowa ya zauna a ɗakinsa.

MAIGIDA YA ZAMA BAƘO A GIDANSA

Duk wanda ya san Nima ko Mamobi ko Sabon Zango a Akra, ko Aboabo da Asawase a Kumasi, ya san irin zaman da muke yi. Gidan haya ɗaya yakan ƙunshi iyalai da yawa, kowane iyali da ɗakinsa guda, wanda ya fi hali ya sami ciki da falo. Tsakar gida ɗaya, famfo ɗaya in akwai, wurin girki kuwa bakin ƙofa. Abin da ya sa wannan zama yake yiwuwa shi ne ba kowa ke wuni a ɗakin ba. Maigida ya fita tun asuba, daga masallaci ya wuce wurin nema, da yamma ya zauna majalisa da abokansa, ba zai shigo ba sai bayan lisha. Yara sun tafi makarantar boko da safe, da la'asar suna gaban malam. Ɗaki wurin kwana ne kawai.

To, rana ɗaya sai aka rufe masallaci da majalisa da makaranta gaba ɗaya. Magidanta da dama sai a lokacin suka gane ashe baƙi ne su a gidajensu. Wani bai san ajin da ɗansa yake ba. Wani bai taɓa ganin yadda ake fama da yara huɗu a ɗaki ɗaya daga safe zuwa dare ba, ga wanki, ga girki, ga layin ruwa. Kukan jaririn da uwargida ta saba goyawa tana aiki, shi a kunnensa ya zama tashin hankali. Ita ma a nata ɓangaren, ta saba da 'yar sararawar da take samu in ya fita, yanzu ga shi zaune yana ƙirga mata gawayi da cokalin mai. Ƙaramar magana sai ta zama babba, kuma bango ba shi da kauri, maƙwabta suna ji.

Wani abin da ya ƙara dagula al'amarin shi ne masu sulhun ma an kulle su. A al'adarmu idan miji da mata suka saɓa, akwai liman, akwai sarkin Zango, akwai gwaggo ko kawu da za a kai wa ƙara, ko kuma matar ta je gidansu ta kwana biyu zuciya ta huce. Dokar kulle ta toshe waɗannan hanyoyi duka. Ba a ƙasarmu kaɗai aka ga haka ba, domin a farkon Afrilun wannan shekara Babban Sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya, Antonio Guterres, ya yi kira ga gwamnatoci da su tashi tsaye kan yawaitar cin zarafin mata a cikin gidaje saboda kulle.

RANAR DA CEFANE YA KOMA HANNUN UWARGIDA

Mafi yawan mutanenmu sai sun fita suke samu. Tela, da mai sayar da yadi, da mai gyaran waya, da ɗan kamasho a tasha, duk sun zauna babu shiga. Masu babur an hana su ɗaukar fasinja, zirga-zirga tsakanin garuruwa ta tsaya, iyakokin ƙasa kuma an rufe su tun cikin watan Maris, wanda ya karya fataken da ke harka da Togo da Burkina Faso da Nijar da Nijeriya. Iyakokin ƙasa na tudu ba a sake buɗe su ba sai a watan Maris 2022.

Amma dokar ba ta hana sayar da abinci ba. Saboda haka a gidaje da yawa 'yar sana'ar uwargida, wato koko da ƙosai, ko wake da shinkafa, ko tuwon zafi, ita ce ta riƙe gida, ko da yake ciniki ya ragu ƙwarai. Gwamnati ta ɗauke kuɗin ruwa na watannin Afrilu da Mayu da Yuni, ta kuma rage na lantarki, amma wannan bai sa tukunya a wuta ba.

A nan ne aka ga bambanci tsakanin gida da gida. Akwai maigidan da girman kai ya hana shi faɗin gaskiya. Aljihu ya bushe, amma maimakon ya ce babu, sai ya ɗaure fuska, ya riƙa neman laifi a miya da shara. Ita kuwa tana zaton yana da shi ɓoyewa yake yi, sai ta ƙulle nata a bakin zane. Ka ga kowa yana zargin kowa a kan kuɗin da babu su. Akwai kuma wanda ya zaunar da iyalinsa ya ce, "Uwargida, ga abin da ya rage a hannuna, yaya za mu yi?" Ita kuma ta ce, "Maigida, kada ka damu, akwai 'yan kuɗin adashena, mu lallaɓa da su." Talaucin iri ɗaya ne a gidajen biyu, amma na biyun ya fita lafiya. Ciki da gaskiya wuƙa ba ta huda shi. Kuma girman maigida bai ragu ba don ya ɗebo ruwa ko ya riƙe yaro uwargida tana suya, domin ya tabbata daga Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yakan taya iyalinsa aikin gida.

YARA SU NE SUKA FI JIN JIKI

Kullen manya sati uku ne, amma na yara ya kusa shekara. Ban da 'yan ajin ƙarshe da suka koma a watan Yuni don jarrabawa, da wasu azuzuwan sakandare da suka bi baya a watan Oktoba, yaran firamare ba su koma aji ba sai Janairu 2021. Wanda yake samun abincin rana a ƙarƙashin shirin ciyar da 'yan makaranta ya rasa shi. Ma'aikatar ilimi ta buɗe darussa ta talabijin da rediyo, amma a ɗakin da mutum bakwai ke zaune da talabijin ɗaya, wa zai yi shiru yaro ya saurari lissafi? Waya mai intanet kuwa in akwai ta tana hannun baba.

Da aka ɗage dokar, iyaye suka koma nema, yara suka rage a gida ba makaranta ba mai kula. 'Yan mata da yawa aka ɗora musu tire, maza suka shiga yawon tasha da ɗakunan wasan kwamfuta. Yaron da ya ɗanɗani kuɗin kansa yana da wuya ya koma ya zauna a benci, yarinyar da ke talla har dare kuwa kowa ya san haɗarin da take ciki. Ga kuma ciwon da ba a gani: yaron da ya kwana ashirin yana kallon babansa da mamansa suna zage-zage ba zai faɗa ba, amma za ka gan shi ya koma fitsarin kwance, ko ya daina magana, ko ya riƙa dukan ƙannensa. Idan aka ga haka, bulala ba magani ba ce. A jawo shi a jiki, a tambaye shi, kuma iyaye su daina faɗa a gabansa.

ALHERIN DA AKA SAMU

Ba za mu yi butulci ba, an sami alheri. Azumin 2020 ya kama a ƙarshen Afrilu masallatai suna rufe, aka yi sallar Idi ranar 24 ga Mayu a gidaje, ba a buɗe masallatai ba sai 5 ga Yuni, shi ma da sharaɗin kada a wuce mutum 100. A wannan azumi magidanta da yawa suka ja iyalansu sallar asham a karo na farko a rayuwarsu. Aka sha ruwa tare a tabarma ɗaya. Uba ya saurari haddar 'yarsa, kaka ta tono tatsuniyoyin Gizo da Ƙoƙi da aka daɗe da mantawa. Maƙwabta suka riƙa miƙa wa juna kwano ta kan katanga. Tambayar ita ce, da aka buɗe ƙofa, nawa ne daga cikinmu suka riƙe wannan hali?

ABIN DA YA KAMATA MU RIƘE

Na farko, miji da mata su saba da maganar kuɗi tun ana cikin wadata, kowa ya san abin da ke shigowa da abin da ke fita, a kuma ajiye wani abu komai ƙanƙantarsa domin ranar da ba a fita ba. Na biyu, maigida ya ware lokacin da zai zauna da 'ya'yansa kullum, ko da tsakanin magariba da lisha ne, ya duba littafinsu da allonsu. Malam mataimaki ne, amanar tana wuyan uba da uwa, kuma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Na uku, haƙuri daban, zalunci daban. Duka da raunata mace ko yaro laifi ne a ƙarƙashin dokar hana cin zarafi a cikin gida ta 2007, kuma rundunar 'yan sanda tana da sashe na musamman mai suna DOVVSU domin karɓar irin wannan ƙara. Limamanmu da sarakunanmu su ci gaba da sulhu, amma kada a rufe jini da sunan rufin asiri. Na huɗu, duk yaron da ya bar makaranta tun wancan lokaci a nemo masa hanyar komawa karatu ko koyon sana'a. Yarinyar da ƙaddara ta faɗa wa ta haihu ma, hukumar ilimi ta ƙasa ta fitar da ƙa'idoji tun 2018 da suka ba ta damar komawa aji.

Jama'a, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Korona ta iske tsagar a gidajenmu ne, ta nuna mana ita, gyara kuwa namu ne. Allah Ya zaunar da gidajenmu lafiya, Ya shirya mana zuriya, Ya kare ƙasarmu daga annoba, amin. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.