Kifin firigo: yadda manhaja ke tsare sanyinsa

Jama'a, kifi da kajin kwali da ake saukewa Dogon Dutsi da Tibiri ƙa'idarsu guda ce: sanyi ya tsaya a digiri 18 ƙasa da sifiri, tun daga sito har hannun mai saye. In kaya ya narke ya daɗe, ƙwayoyin cuta sun hayayyafa, kuma sake daskarewa ba ta kashe su.

To, nan manhajar kula da sito ke amfani. Ana haska lambar kowane kwali da salula, ita ko ta riƙe ranar shigowarsa da ranar ƙarewar wa'adinsa. In an zo lodi, wanda wa'adinsa ya fi kusa shi za ta ce a fitar. In an haɗa ta da ma'aunin sanyi, ko wuta ta ɗauke cikin zafin Afrilu, saƙo zai iso wa mai kaya tun kifi bai saki ba.

Ƴan uwa na waje masu aiko kuɗin firigo, ku haɗa da na ma'auni. Mai saye kuma, in kin ga jini ya daskare a gindin kwali, kifin nan ya taɓa narkewa. Bar shi.