Kukan Birki Jawabi Ne

Gabatarwa

Wata ranar Lahadi, ranar cin kasuwar Ɗambatta, na tsaya a rumfar wani mai gyaran keke da ke gefen titin Kano zuwa Daura. Sai ga wani saurayi ya gangaro da kekensa mai batir, irin mai faffaɗar taya da aka ƙera don hawa da saukar duwatsu. Ya ce birkinsa ne ke ta kuka, shi kuwa ya ɗiga masa baƙin mai don ya yi shiru. Kukan bai daina ba, birkin kuma ya daina kamawa. Mai gyaran ya girgiza kai, ya ce, "Yaro, ai gara da ka gangaro da shi ba ka hau ba."

Tun da aka janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, kekuna da babura masu batir suka fara yawaita a Kano, har suna isowa garuruwa irin su Ɗambatta. Da yawansu birkin faifai gare su, ba irin birkin tsohuwar Rali da iyayenmu suka hau ba, wanda roba ke matse ƙarfen taya. Saboda haka ya kamata ɗalibi ya san abin da ke sa wannan birki kuka, da abin da kukan yake nufi.

Yadda birkin ke aiki

A tsakiyar taya akwai wani faifan ƙarfe mai faɗin milimita 160, 180 ko 203, wanda ke juyawa tare da ita. Takalman birki guda biyu suna gefe da gefensa. Da mahayi ya matse hannun birki, sai takalman su damƙe faifan, gogayyar da ke tsakaninsu ta mayar da ƙarfin gudu ya zama zafi.

Aikin ba ƙarami ba ne. Keken duwatsu mai batir yakan kai kilo 20 zuwa 25, ban da mahayi da kayansa. Sa'an nan kuma ilimin fiziks ya nuna cewa idan gudu ya ninka sau biyu, ƙarfin da birki zai kashe yakan ninka sau huɗu. Wato wanda batir ya kai shi kilomita 30 a sa'a yana ɗora wa birkinsa aikin mutum huɗu masu tafiyar kilomita 15 a sa'a.

Daga ina kukan yake fitowa?

Mai karatu ya tuna da mai goge. Yakan shafa wa izgar bakansa ƙaro, sa'an nan ya ja ta a kan tsirkiya. Izgar takan kama tsirkiyar ta ja ta kaɗan, sai ta kuɓuce, ta sake kamawa, ta sake kuɓucewa, sau ɗaruruwa a cikin daƙiƙa guda. Wannan kamu da saki shi ne ke sa tsirkiya karkarwa, ƙoƙon goge kuma ya ɗaga sautin. Dalili kuwa shi ne, gogayya takan fi ƙarfi yayin da abubuwa biyu ke manne da juna fiye da yayin da ɗaya ke zamewa a kan ɗaya, kamar yadda masanin Faransa Charles Coulomb ya bayyana tun ƙarni na 18.

Abin da ke faruwa ke nan a birki. Takalmi shi ne baka, faifai shi ne tsirkiya, ƙarafan keken kuma su ne ƙoƙo. Idan karkarwar ta haura sau 1,000 a daƙiƙa, sai kunne ya ji wannan ƙara mai tsini. Ko a cikin halittu akwai masu wannan dabara: a 2001 masaniyar halittu Sheila Patek ta nuna cewa wani babban jatan lande na teku yana fitar da ƙara ta wannan hanya don ya razana abokan gaba. Matsalar kuma tsohuwa ce, domin birkin faifan da Frederick Lanchester ya yi wa rajista a Ingila a 1902 ya sha suka saboda ƙarar da tagullarsa ke yi a kan ƙarfe.

Kuka iri biyar

Likita yakan saurari ƙirji kafin ya rubuta magani. Haka ya kamata a saurari birki, a kuma lura da abu guda: shin yana kamawa ko ba ya kamawa?

Na farko, ƙara mai tsini tare da raunin kamu. Wannan alamar maiƙo ce, kuma ita ce mafi haɗari. Man yakan fantsamo daga sarƙa, ko ya yoyo daga bututun birki, ko ya fito daga hannun da ya taɓa faifan. A goge faifan da sifirit irin na kantin magani da tsumma mai tsabta, ba da kananzir ko fetur ba. Takalman kuwa a sauya su, domin suna tsotse mai kamar soso, wanki ba ya fitar da shi.

Na biyu, kukan damina ko na hunturu, wanda birki ke yi alhali yana kamawa sosai. Ruwa ko ƙura ce ta shiga tsakani, kuma yawanci yakan wuce bayan an taka birki 'yan lokuta. Sai dai ƙurarmu ba ta da sauƙi. Kaso mai yawa na hazon hunturu daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi yake tasowa, inda wani tsohon tafki ya ƙafe ya bar ɓawon wasu ƙananan tsirran ruwa da ake kira dayatom. Ɓawon na silika ne, sinadarin da ake yin gilashi da shi. Idan ya haɗu da rairayin hanyoyin gona, sai su riƙa cin takalmi kamar samfefa.

Na uku, wani "shaf, shaf" da ake ji duk zagayen taya ba tare da an taɓa birki ba. Ko dai faifan ya lanƙwashe, ko gidan takalman ya goce. A sassauta notuna biyun da ke riƙe da gidan, a matse hannun birki, a ɗaure su alhali ana riƙe da shi. Faifan da ya lanƙwashe ƙwarai sai sauyi.

Na huɗu, gurnani irin na ƙarfe kan ƙarfe. Takalmi ya ƙare ke nan, bayansa na ƙarfe ne ke cin faifan. A sauka daga keken nan take. Da zarar kaurin takalmi ya yi ƙasa da milimita 1, lokacin sauyi ya yi.

Na biyar, kukan takalmin da zafi ya gasa har fuskarsa ta yi ƙyalli. Masu riƙe birki ba saki a doguwar gangara su suka fi samun wannan. A goge ƙyallin da samfefa mai laushi. Bayan haka, da kuma duk lokacin da aka sa sabon takalmi, a nemi fili a ɗauki matsakaicin gudu, a rage shi da ƙarfi ba tare da tsayawa cak ba, kamar sau 20, domin takalmi da faifai su saba da juna.

Kafin a fara kowane gyara, a kashe batir, a kuma bar faifan ya huce, domin yana ƙona hannu.

Ga malamai

Ana iya nuna wannan darasi a aji ba tare da an sayi komai ba. A jiƙa yatsa da ruwa, a zagaya shi a bakin kofin gilashi har ya yi sauti. Sa'an nan a shafa ɗan mai a yatsan a sake gwadawa. Yatsan zai zame, sautin ya ɗauke. A tambayi ɗalibai: in da birki ne, me aka rasa tare da sautin?

Kammalawa

Saurayin nan ya biya kuɗin sabbin takalma biyu, ya hau kekensa ya nufi gida. Da ya hau shi yadda yake, cikin turmutsutsun shanu da motocin ranar kasuwa, Allah kaɗai ya san abin da zai biya. Masu iya magana sun ce kukan kurciya jawabi ne, mai hankali ke ganewa. Sarƙa ce ke son mai, birki kuwa tsabta yake so. In ya yi kuka, a tsaya a saurare shi.