Me ya sa hoton ƙashi ba ya nuna jijiyoyin jini?

Idan ka taɓa riƙe hoton eksire ka ɗaga shi sama, ka san ƙashi ne ke fitowa fari tas, sauran jiki kuma dishi-dishi. Shi ya sa idan mai ciwon suga ya je asibiti a Talata Mafara ko Maradun da ƙafar da ta fara baƙi, likita zai iya tura shi Gusau ko Sakkwato a yi wani hoton daban, alhali an riga an yi ɗaya. Kar ka ɗauka ɓarnar kuɗi ce. Hoton farko ba zai iya nuna inda jini ya tsaya ba.

Dalilin kuwa shi ne, eksire inuwa yake ɗauka. Ƙashi na da sinadarin kalsiyam mai tare hasken, sai ya bar inuwa. Amma jini da tsoka da bangon jijiya kusan duk ruwa ne, hasken na ratsa su kusan iri ɗaya. Kamar ka nemi ganin ruwa a cikin ruwa ne.

Dabarar da aka daɗe da ita ita ce a rina jinin. A 1927 wani likita ɗan Fotugal, Egas Moniz, ya zuba sinadari mai aidin a jijiyar wuya, ya ɗauki hoton jijiyoyin ƙwaƙwalwa. Har yau da aidin ake aiki: a yi maka allurarsa, na'urar siti sikan ta zagaya ka, kwamfuta ta haɗa hotunan. Ka ɗauka an zuba baba a magudanan ruwan Bakolori, duk reshen da launin bai kai ba, ai ka san ya toshe. Sai dai ƙoda ce ke tace aidin ɗin, don haka in kana da ciwon ƙoda, ko ka taɓa yin borin jini bayan irin wannan allura, faɗa wa likita tun kafin a fara.

To, ƙananan jijiyoyi fa, waɗanda suka fi gashin kai siranta? Nan siti sikan ke gazawa, nan kuma sabuwar dabara ta shigo. Hasken eksire ba tare shi kawai ake yi ba, yana ɗan karkacewa idan ya tsallaka daga wani abu zuwa wani, kamar yadda cokali ke bayyana a karye cikin kofin ruwa. Karkacewar ƙanƙanuwa ce ƙwarai, amma idan aka matsar da abin ɗaukar hoton nesa, gefen kowace jijiya sai ya fito sarai, ko ba aidin.

A 2021 masu bincike suka yi amfani da wannan a cibiyar ESRF da ke Grenoble, Faransa, suka ɗauki hoton huhun mutanen da korona ta kashe, har ƙananan jijiyoyin da cutar ta lalata. Hasken na'urar ya yi ƙarfin da ba a haska shi ga mai rai, gaɓoɓin mamata da aka bayar don bincike kawai ake sakawa. Na'urar kanta zobe ce mai zagayen mita 844, kuma har yanzu babu irinta ko ɗaya a Afirka.